Sanin haƙƙinka a shingen bincike ba rashin kunya ba ne

Wallahi ba abin da aka yi wa ɗan yayata a shingen nan ne ya fi ƙona min rai ba, maganganun da na karanta a ƙarƙashin rubutun da na yi a kan lamarin ne suka hana ni barci. "Da ya ba su dubu biyu ya wuce abinsa." "Yaran yanzu ba ladabi." "Wa ya ce masa ana jayayya da mai bindiga?" Haba jama'a! Yaro ya taso daga aiki da daddare, an ɗaga masa hannu ya tsaya, an ce idonsa ya yi ja ana zargin ya sha wani abu, ya ce to a gwada shi, ba a gwada shi ba, sai kawai aka ce ya buɗe wayarsa ya miƙo. Ya ce yallaɓai ka yi haƙuri, ga lasisi, ga takardun mota, ga but na buɗe a duba, amma waya kam a'a. Wannan ne rashin ladabin? Aka ajiye shi a bakin titi har tsakar dare uwarsa na ta kira hankalinta a tashe, ku kuma kuna nan kuna cewa shi ya jawo wa kansa.

Kada wani ya juya min magana, ban ce a daina tsayar da direbobi ba. Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Zariya ko Kaduna zuwa Abuja ya ga gawarwakin motoci a gefen titi, kuma mun san wasu direbobin ba a hayyacinsu suke tuƙi ba. A nan arewa ma ba giya ce kaɗai matsalar ba, akwai tiramadol, akwai kodin da gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi da shigo da shi tun 2018, akwai wiwi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da aka kafa a 1988 tana da na'urar da direba ke busawa a gane ko ya sha giya, sukan fito da ita musamman a watannin ƙarshen shekara. A gwada! In an kawo maka na'urar ka busa, ka nemi a sa sabon bakin busawa a gabanka, ka nemi a nuna maka abin da ta nuna. Wanda aka kama a buge a kai shi kotu, ni zan fara cewa madalla, don 'ya'yana ma suna hawa titin nan. Amma don Allah ku gaya min, me hotunan matar mutum da saƙonnin bankinsa za su nuna game da ko ya sha giya? Maye a numfashi yake da jini, ba a WhatsApp ba. Duk wanda ya bar gwaji ya koma kan waya, to ba maye yake nema ba, alat ɗin banki yake son gani.

Kuma wannan ba ra'ayina ba ne, rubuce yake. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Oktoban 2020, ana gab da zanga-zangar EndSARS, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin Mohammed Adamu ya fito ya haramta binciken wayoyin mutane barkatai a kan hanya, waɗanda suka biyo bayansa ma sun maimaita. Dokar 'yan sanda ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu ta ce kafin jami'i ya caje ka sai yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi, ya faɗa maka sunansa da ofishin da ya fito da abin da yake nema, kuma ya kasance cikin kaki ko da katin shaida a bayyane. Har ma ta fayyace cewa askinka ko irin kayan da ka sa ko shekarunka ba dalilin zargi ba ne. Ku sake karanta wannan, ku masu cewa ai yaron ne ya tara gashi. In kuma abin ya kai ga kamu, sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wanda ka zaɓa, a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da yaren da kake ji, a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. Beli kyauta ne. Ba a kama ƙane a madadin wa, ba a kama mata a madadin miji. Mace kuma mace ce ke caje jikinta, sai in da larura ta gaggawa.

Na san abin da za ku ce, "Malam ai nan Najeriya ce, doka a takarda take." To wa ya bar ta a takardar? Mu ne. Kullum ka naɗe ɗari biyu a tafin hannu ka miƙa tun ba a tambaye ka ba, kai ne ka koya wa na shingen cewa tsayar da mota sana'a ce. Abin da ya fi ciwo, shi direban da ya sha ƙwayar da gaske shi ya fi kowa saurin miƙa na goro, ya wuce da fasinja goma sha takwas a bas, shingen da aka kafa dominsa bai tare shi ba, ya tare yaron da bai sha komai ba. Wannan ladabin da kuke yabo rayuka yake ci.

Sai masu cewa za a harbe ka. Ban ce kowa ya yi faɗa ba, kuma kada ku kwaikwayi bidiyoyin Amurka da mutum zai ɗan sauke gilashi ya ƙi cewa uffan, can ma kotun ƙolinsu tun 1990 ta halatta shingen gwajin giya, kuma yanayinsu daban namu daban. An tsayar da kai ka tsaya, kada ka kuskura ka gudu. In dare ne kunna fitilar cikin mota, hannuwanka a kan sitiyari inda za a gan su, ka yi sallama, ka ce yallaɓai sannu da aiki. Za ka ɗauko takarda a aljihun mota, ka faɗa kafin ka kai hannu. Za a duba but, ka fito ka tsaya a wurin idonka a kai, kada ka bari a caje motarka kana can gefe. Ka karanta sunan da ke ƙirjinsa a zuciyarka, ka riƙe lambar motar sintirin da wurin da lokacin, ka kira wani naka ka ce ga inda nake. In suka ce sai an je caji ofis, ka bi, ba kokawa. Duk wannan za ka yi shi muryarka a ƙasa, kuma a cikin wannan muryar za ka ce ba zan buɗe wayata ba, ba zan yi transfa ba. Washegari akwai sashen karɓar koke na rundunar 'yan sanda da ake kira CRU tun 2015, akwai hukumar kula da aikin 'yan sanda, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marar hali. Mu dai ba ma zuwa, sai mu ce mun bar wa Allah, gobe a yi wa wani. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya sani ya yi shiru fa?

Kuma jami'an nan 'yan uwanmu ne, akwai na kirki da yawa, suna tsaye cikin rana da sanyin hunturu, wasu an kashe su a bakin aiki. Na kirkin bai taɓa jin haushi don ka tambayi sunansa ba, wanda ke da abin ɓoyewa ne ke harzuƙa.

Ku fasinjoji ku ne ma kuka fi ba ni haushi. Direba yana ƙoƙarin bayani da takardunsa cikakku, ku kuna ihu daga baya "direba sallame su mana muna sauri!" Saurin ina? Alhali tun a tasha kun gan shi yana kora wani abu da ruwan leda ba wanda ya ce kanzil.

Sannan don Allah masu mota ku daina ba 'yan kwangilar bakin ofis aikin lasisi da inshora. Da yawa takardun da suke kawo muku na bogi ne ba ku sani ba, ka biya kuɗinka cas, ran da aka duba lambar a kwamfuta a ce babu ita, shi kenan bakinka ya mutu ko kana da gaskiya a sauran. Lasisi sai ka je da ƙafarka an ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Duk wanda ya ce ka turo fasfo ta waya gobe ka zo ka karɓa, ka riƙe kuɗinka.