Cekin kwali da bashin wata huɗu

Kun ga hoton ai, na kamfanin nan da ke miƙa wa yara kyauta, ba sai na sake ɗora shi ba. Manya shida cikin kwat, kowa ya kama gefen cekin kwali mai tsawon ƙyauren ɗaki, haƙora a waje, an jera yara a gaba. A ƙasa an rubuta wai kamfanin yana "tallafa wa al'umma". Madalla. Wannan kamfanin dai shi ne wanda masu kawo masa kaya ke zaman jiran kuɗinsu wata huɗu cur, kuma duk wanda ke cikin harkar ya sani. Amma ga mutane can suna ta zuba albarka a ƙarƙashin hoton, har da masu kira ga sauran kamfanoni su yi koyi. Su yi koyi da me? Da riƙe haƙƙin mutane a yi kyauta da ruwan da ya haifa?

Alherin kamfani ana ganinsa ne a hanyar da kuɗin suka shigo. Abin da aka gutsura aka raba bayan an gama tarawa, wannan labari ne na daban, kuma shi ne mafi araha a duk lissafin.

Ku zo mu yi lissafin da ba a ɗaukar hotonsa. A matsayin misali, ƙaramin ɗan kasuwa ya kai kaya, ribarsa kashi 10 cikin 100. An ce masa ya dawo bayan kwana 120. Shi kuwa ma'aikatansa ba za su jira wata huɗu ba, mai motar da ya ɗauko kayan ma haka. Dole ya ci bashi. Idan ruwan bashin kashi 2 ne a wata, kafin kuɗinsa su fito kashi 8 sun tafi. Me ya rage masa? Kashi 2, idan ba a sake cewa takardarsa ta ɓace a ofishin akanta ba. Babban kamfanin kuma ya samu rancen wata huɗu babu ruwa, daga hannun wanda ya fi shi rauni. Ka ninka wannan sau ɗari biyu ko uku, iya yawan masu kawo masa kaya, sannan ka ɗora shi kusa da adadin da ke jikin cekin kwalin. An karɓe buhu ta ƙofar baya, an miƙo mudu ta ƙofar gaba, ga mai hoto a tsaye.

Kuma gano wannan ba ya buƙatar bokaye. Ka buɗe rahoton kuɗi na shekara, ka nemo bashin da masu kawo kaya ke bin kamfanin, ka raba shi da jimillar abin da ya kashe a kan kayan da ya sayar a shekarar, ka ninka da 365. Abin da ya fito shi ne kimanin kwanakin da yake riƙe kuɗin mutane. Idan bara 60 ne, bana ya koma 95, to ka san daga inda aka samo kuɗin biki.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da Carillion, babban kamfanin gine-gine na Birtaniya. Ya sa hannu a yarjejeniyar biyan masu kawo kaya a kan lokaci, amma a aikace sai ya sa su jiran kwana 120. Da ya ruguje a watan Janairun 2018, kimanin ƙananan kamfanoni 30,000 ya bari da takardun bashi a hannu. Sa hannun yana nan a takarda, kuɗin ne babu.

Na san abin da za a ce: "To ai ko ba komai yaran sun amfana, gara wannan da babu." Haka ne, sun amfana, Allah ya ƙara musu. Amma yaran wanda aka riƙe wa kuɗi fa? Su ba yara ba ne, ko don ba su shiga hoto ba? Wasu kuma za su ce hassada ce. To.

Akwai masu ɗauko maganar masanin tattalin arziki Milton Friedman ta 1970, cewa aikin kamfani kawai shi ne ƙara riba. Ko shi da ya faɗa ya sa sharaɗin a yi gasa a fili, ba ha'inci ba zamba. Kuma ni ban ga wanda ya hana kowa cin riba ba. Kamfanin da ba ya cin riba rufewa zai yi, ya sallami kowa, alherin ma ya tsaya. Tambayar ita ce a wuyan wa aka ɗora ribar.

A watan Agustan 2019 shugabannin manyan kamfanonin Amurka 181 suka fitar da sanarwa cewa daga yanzu kamfani na ma'aikata ne, da masu saye, da masu kawo kaya, da al'umma, ba na masu hannun jari kaɗai ba. Duniya ta yi ta tafi. Sai wasu masu bincike na Jami'ar Harvard suka aika wa kamfanonin tambaya guda: shin kwamitin daraktoci ya amince da wannan sanarwa kafin a sa hannu? Cikin 48 da suka amsa, ɗaya tak ya ce eh. Wato an yi shelar sauya alƙiblar kamfani gaba ɗaya, amma ba a ga dalilin kai maganar gaban masu yanke hukunci ba. Su ma sun san adon baki ne.

Volkswagen ya fi kowa iya wannan wasa. Shekara da shekaru yana tallar motocin dizal masu "tsabta", alhali an dasa manhaja a cikin motoci kusan miliyan 11 wadda ke gane lokacin da ake gwaji ta rage hayaƙi, idan an hau titi kuma ta saki gubar da ta kai ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. A watan Satumbar 2015 asiri ya tonu, kwanaki kaɗan bayan an sanya kamfanin a gaban masu ƙera motoci a wani sanannen jadawalin kula da muhalli. Abin da ya biya na tara da diyya ya haura yuro biliyan 30. Rahotanninsa na kyautata wa al'umma kuwa, ba a magana, ƙyalli kamar madubi.

Mai kamfanin da da gaske yake, hanya a buɗe take, sai dai babu ƙyalli a cikinta. Ya fara da mutanen da kuɗinsa ke ratsawa ta hannunsu. Albashi ranar da aka ce, da kuɗin ƙarin lokaci, da na fansho da aka cire daga albashin ma'aikaci a zuba shi inda ya kamata a watan da aka cire. An ce a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, ba bayan an gama taron ƙarshen shekara ba. Masu kawo kaya, musamman ƙanana, kwana 30. Idan kuɗin juyawa ba za su ɗauka ba, a fara da waɗanda suka fi rauni, a rubuta sunayensu, a sa mutum ɗaya a ofishin kuɗi wanda aikinsa shi ne kada takardarsu ta kwana a tebur. Yawancin jinkirin ba rashin kuɗi ke kawo shi ba: takarda ce ke jiran sa hannu huɗu, na ukun yana tafiya. A rage su zuwa biyu.

Sannan kayan da kansu. Idan an rage nauyi a cikin leda, a rubuta, kada a bar girman ledar yadda yake don ido ya ruɗu. Idan masana'anta na zubar da dagwalo, kuɗin tace shi wani ɓangare ne na kuɗin yin kayan, daidai da wuta da albashi. Wanda bai saka shi a lissafi ba, ribar da yake gani ba tasa ba ce, mutanen da ke shan ruwan ne suka biya masa da lafiyarsu. Daga baya ya zo ya gina musu ɗakin shan magani, ya manna sunansa a bango. Kai, jama'a.

Daga nan sai awo. Kada a ɗauko ma'auni talatin, babu wanda zai bi su. Uku ko huɗu sun isa: kwanakin biyan masu kawo kaya, yawan ma'aikatan da suka ajiye aiki a shekara, yawan raunukan da aka samu a bakin aiki, da sharar ko hayaƙin da ake fitarwa a kan kowane tan na kaya. A rubuta inda ake a yau kafin a fara, don wanda bai san daga inda ya taso ba, duk abin da ya ce ya cimma tatsuniya ce. A kawo mai bincike daga waje ya tabbatar. A buga sakamakon kowace shekara, har da shekarar da ya yi muni. Rahoton da duk alƙalumansa ke hawa sama kullum, a yi masa kallon tsanaki.

Inda abin ke mutuwa shi ne wajen ladan manajoji. Ka ce wa manajan sayayya ya mutunta masu kawo kaya, amma garabasarsa ta ƙarshen shekara tana rataye da yawan kuɗin da ya riƙe a asusu. Wanne kake zaton zai bi, wa'azinka ko aljihunsa? Sai an ɗaure wani kaso na garabasar, ko da kashi 20 ne, da waɗancan ma'aunai, sannan za ka ga takardu na gudu.

Na ji masu cewa ba za ka iya sanin abin da ke faruwa a masana'antar da ba taka ba. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a Bangladesh, mutum 1,134 suka mutu, yawancinsu masu ɗinka tufafin manyan kamfanonin Turai da Amurka. An ga tsagewar bango tun ana gobe, aka ce su koma bakin keke. Kamfanonin da ake yi wa ɗinkin suna da ƙa'idojin ɗa'a a rubuce, shafi-shafi. Abin da ya kawo gyara na gaske shi ne yarjejeniyar da kamfanoni sama da 200 suka sa wa hannu bayan nan, wadda ke da ƙarfin doka, da injiniyoyi masu zuwa su duba wayar wuta da ƙofar gudu da ginshiƙi, su buga abin da suka gani. Ashe dai ana iya sani idan an so.

Gaskiya guda zan yarda da ita, kuma tana da nauyi: niyyar shugaba ba ta isa, don ana iya tsige shi. A 2020 masu hannun jarin Danone, kamfanin abinci na Faransa, suka amince da kusan baki ɗaya a rubuta manufar kyautata wa al'umma cikin kundin kamfanin, a ƙarƙashin dokar Faransa ta 2019. Watan Maris na 2021 aka sauke shugaban, Emmanuel Faber, bayan wasu masu zuba jari sun matsa cewa riba ta yi ƙasa da ta abokan gasa. Darasin a fili yake. Manufa ba ta wanke sakaci a kasuwa, kuma mai riƙe da ƙuri'a shi ne mai maganar ƙarshe. Shi ya sa waɗanda suka ɗauki abin da gaske suke taɓa mallakar kamfanin kanta. A Satumbar 2022 Yvon Chouinard ya miƙa Patagonia, kamfanin tufafi na Amurka da ya kafa: kashi 2, masu ɗauke da ƙuri'a, ga wata amana mai tsare manufar kamfanin, kashi 98 ga ƙungiyar da ke karɓar ribar don aikin muhalli. Bosch na Jamus ya daɗe a kan irin wannan tsari, gidauniya ce ke da sama da kashi 90 na hannun jarin. A Indiya kimanin kashi 66 na Tata Sons yana hannun gidauniyoyin agaji. Ba kowa zai iya wannan ba, kuma ba a ce dole ba. Amma ko ƙaramin kamfani zai iya rubuta a yarjejeniyarsa da masu zuba jari cewa ba za a tsawaita kwanakin biya ba sai da amincewar kwamiti.

Ita kyautar ma tana da nata ilimin. Kamfanin takalma na TOMS ya fara a 2006 da alƙawarin ka sayi takalmi ɗaya a ba mabuƙaci ɗaya. Abin ya yi daɗin talla, amma aka yi ta tambaya ko takalmi ne matsalar mutanen, da kuma makomar masu sayar da takalma a wuraren da ake rabawa. A ƙarshen 2019 masu bin sa bashi suka karɓe kamfanin, kuma ya bar wancan tsari ya koma ba da kashi ɗaya cikin uku na ribarsa. Indiya kuwa doka ta yi a 2013, manyan kamfanoni su kashe kashi 2 na matsakaicin ribarsu ta shekara uku a ayyukan al'umma. Kashi 2. Ragowar 98 fa, ta yaya aka same su? Nan ne maganar take, kuma nan ne ba a kai mai hoto.

Wallahi ba na ƙin a ba yara littattafai. A ba su, a ƙara. Amma a biya mutane tukuna, a daina zuba guba tukuna, a cika awo tukuna. Abin da ya rage bayan nan, shi ne naka da za ka yi kyauta da shi.

Ni yanzu ma cekin kwalin ne ya tsaya min a rai. Wani ne fa ya buga shi. Wani mai ƙaramar maɗaba'a aka kira da yamma aka ce ana so kafin ƙarfe tara na safe, ya kwana yana daidaita kalar tambarin kamfani, ya manna a kan allo mai kauri don kada ya lanƙwashe a hannun manya, ya ɗauko shi a kan mota yana kare shi daga iska. Banki ba ya karɓar irin wannan ceki, bayan biki a bayan kabad ake jingine shi har ya yi ƙura. Don Allah wanda ya san mai maɗaba'ar ya tambayar mana shi, kwana nawa aka ce ya jira.