Digirina bai taɓa leƙa rudun Baba ba

Shekara ta shida ke nan a Tamale, arewacin Ghana, ina taya kawuna harkar albasa a kasuwar Aboabo. Akwai abu ɗaya da duk farkon damina in na gan shi sai ya tsaya min a rai, wato ganin ɗaliban jami'a sun cika tasha da katifu a naɗe da bokitai da risho da buhun garin kwaki, ba gida za su ba fa, ƙauye aka tura su.

Jami'ar ita ce UDS, wato jami'ar nazarin ci gaba da ke nan Tamale, an kafa ta a 1992 zamanin Rawlings, kuma tun farko an ce don arewar ƙasar aka yi ta, yankin da aka bari a baya kamar dai namu. Su shekarar karatunsu zango uku ce, biyu a aji, na ukun kuwa da suke kira TTFPP a karkara ake yin shi. A haɗa ɗalibai rukuni-rukuni daga fannoni daban, mai karanta noma da mai karanta lafiya da mai karanta koyarwa, a kai su wani ƙauye su zauna kusan wata biyu. Kuma abin da maki, ba sa kai ba ne, in ba ka je ba ka jawo wa digirinka matsala.

Na gani da idona a wani ƙauye bayan Savelugu inda muke sayen masara. An ba su ajin firamare guda biyu, maza ɗaya mata ɗaya, sun ɗaura gidan sauro a jikin taga da igiyar shanya. Wata yarinya 'yar Accra, daga ganin ƙafarta ka san ba ta taɓa taka laka ba, ga ta nan da jarka a layin burtsatse tana gaida tsofaffi da Dagbancin da ko ni baƙo sai da na yi dariya. Da safe su je gaida sarki, sannan su bi gida-gida da littafi suna tambaya: rijiya nawa ke aiki, nawa suka lalace, mace mai naƙuda ina ake kai ta kuma a kan me, yara nawa ne ba sa zuwa makaranta in lokacin tsintar kaɗanya ya yi. Kafin su tafi a tara gari a gindin bishiya su karanta abin da suka rubuta, wani tsoho ya miƙe ya ce a'a nan kun yi kuskure, su gyara a gaban kowa. Shekara mai zuwa kuma garin dai za su koma.

To ni fa noma na karanta a Najeriya, shekara biyar cur, ba zan faɗi jami'ar ba. Ƙauyenmu yana ƙasar Gwandu, kuma mu manoman albasa ne kaka da kakanni. Duk shekara Baba yana zuba albasa a rudu yana jiran ta yi kuɗi, in zafi ya tsananta sai ka ji wari tun daga zaure, a zauna ana tsince ruɓaɓɓu ana zubarwa, wata shekarar abin da ake zubarwa har ya ba ka tausayi. Furojet ɗina na ƙarshe kuwa a kan me na yi? Wallahi kunya nake ji in faɗa. Sufabaiza ya ba ni take, na samo na wani da ya yi shekaru uku kafin ni, na canza sunan ƙaramar hukuma, muka zauna a hostel ni da abokina muka cike takardun tambayoyin da biro kala biyu don kar a gane. Na samu B. Ranar da na kawo takardar gida Baba ya juya ta ya juya, ya ce “to Malam, wanga karatu naka mi yac ce game da albasa?” Dariya aka yi, ni ma na yi, amma har yau ban ba shi amsa ba.

Wani zai ce ai muna da bautar ƙasa. E, muna da ita tun 1973 zamanin Gowon, kuma akwai ranar CDS, wato ranar yi wa al'umma aiki, sau ɗaya a mako. Ni ma na sa kakin nan. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, bautar ƙasa bayan an gama karatu take zuwa, lokacin da malaminka ya riga ya sallame ka, babu mai duba aikinka da idon ilimi, ga shi an jefa ka inda ba ka jin yaren mutane kana ƙirga kwanakin tafiya. Yawancinmu abin da muka yi shi ne sa hannu a rajista, share bakin kasuwa, in an yi ƙoƙari a yi wa wani allo fenti a rubuta sunaye a jiki. SIWES kuma, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai kafin su gama karatu, kamfani ko ma'aikata ake nema, ba gari ba.

Kuma ba rashin makarantu ba ne yanzu. Kebbi kaɗai akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006, ga ta tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, ga ta noma a Zuru, ga kwalejin Waziri Umaru. Gusau ma ta samu ta tarayya a 2013. Na san akwai malamai da ƙungiyoyin ɗalibai da ke nasu ƙoƙarin, a yi gangamin duba lafiya kyauta, a kai ziyara gidan marayu da azumi, Allah ya saka musu. Amma wannan alheri ne na wanda ya ga dama, ranar da shugaban ƙungiya ya gama makaranta shi ke nan an shafa fatiha. Ni abin da nake so a sa shi cikin manhaja, ya zama kwas mai maki kamar kowane, malami ya bi ɗalibansa har garin ya ga abin da suka yi. Ka duba ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadamun Kebbi, da a ce kowane ƙauye na bakin gulbi yana da rubutaccen bayanin inda ruwa ke fara shiga da gonakin da ke fara nutsewa, ai ko rabon tallafi sai ya fi tafiya daidai. Ko gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum da ta kashe ɗaruruwan yara, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo daga waje, lokacin Zamfara ko jami'a ɗaya ba ta da ita.

Kar a ɗauka na ce na Ghana ba shi da aibi. Ɗaliban suna kuka da kuɗin abinci da na mota, duk daga aljihun iyaye. Wani dattijo a ƙauyen can ya ce min sun gaji da amsa tambaya, kullum rubutu ake yi amma burtsatsen na nan a lalace. Gaskiyarsa ce. Sai dai ko ba a gyara komai ba, wannan yarinyar ta Accra in gobe ta zama babbar ma'aikaciya ta san nauyin jarka a ka, ni a wurina wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Babbar magana ita ce tsaro, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. A Satumban 2023 'yan bindiga sun kwashi ɗalibai mata na jami'ar Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, a 2021 an shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. Babu uban da zai yarda a kai ɗiyarsa ta kwana a ajin firamare a dajin Maru, ni ma ba zan yarda ba. Amma wa ya ce dole sai an kwana? Unguwannin cikin Gusau da Birnin Kebbi da Jega da Argungu fa, su ba su da matsalar kwata da shara da yaran da ba su iya karatu ba? A fara da inda ƙafa za ta kai a dawo kafin la'asar, kuma a bar ɗalibi ya yi a garinsu lokacin hutu inda kowa ya san ubansa.

Jiya ƙanwata ta kira ni, tana aji uku yanzu, wai in turo kuɗin handawut. Na ce zan turo, amma da sharaɗi, hutun nan ta samo littafi ta zauna da Baba, duk ranar da aka tsince albasa ta rubuta kwando nawa aka zubar, daga wane gefen rudu, kuma wace iri ce. Ta ce “Yaya ni fa lissafi nake karantawa ba noma ba.” Na ce ai ƙirga na ce ki yi.