Gautar Alhaji

Hajiya: Alhaji, wai gautar nan da ka dasa a tukunya, yaushe za ta isa miya?

Alhaji: Gauta? Subhanallahi! Hajiya, peyote ne wannan. Lophophora williamsii. Maimaita.

Hajiya: Allah ya ba shi lafiya.

Alhaji: Asalinsa hamadar Ciwawa, daga arewacin Meksiko har kudancin Tekzas.

Hajiya: Ciyawa dai. Ai na faɗa.

Alhaji: Murtsunguwa ce, amma ba ƙaya ko ɗaya, sai ɗan farin gashi tsilli-tsilli. A daji sai ya shekara 10 ko fiye bai yi fure ba.

Hajiya: Shekara 7 kana gadinsa bai wuce murfin kwalba ba. Auta da aka haifa shekarar da ka shuka shi yana aji biyu.

Alhaji: Auta ai kowa na da irinsa. Wannan kuwa duk Nasarawa ni kaɗai ke da shi.

(Gaskiya ne, shi kaɗai ne. Babu wanda ya nema.)

Hajiya: To ana ci?

Alhaji: A'uzubillahi! Akwai sinadarin meskalin a cikinsa mai juya ƙwaƙwalwa. Na kallo ne kawai.

Hajiya: Kai da ba ka ci ba ma ga yadda ya mai da kai.

Alhaji: Ki dai yi masa shaida ɗaya. Tsakuwa da yashi ne ƙasarsa, ba ya shan ruwa sai ta bushe ƙarau, da hunturu kuwa ko ɗigo. Duk gidan nan shi kaɗai ne bai taɓa tambayar yaushe famfo zai kawo ruwa ba.

Sai ga Buzu maigadi da butarsa.

Buzu: Alhaji, ɗan tsiron nan naka, tun da ka tafi Umara nake ba shi ruwa safe da yamma. Har ragowar shayi.

Alhaji: Ruwa? Na jarkar 'yan ga-ruwa, da tsadar nan? Kai da ka fito daga Sahara!

Buzu: Shi ya sa, Alhaji. Na san ƙishirwa.

Alhaji ya danna shi da yatsa, yatsa ya lume. Saiwar nan mai kama da karas ta riga ta zama kunu.

Alhaji: Hutawa yake.

Hajiya: Alhaji, wari yake.

Alhaji: Ƙamshin Meksiko ne. Kin taɓa zuwa?

Da asuba Hajiya ta aika kasuwar Yankaba aka sayo 'yar koriyar gauta, ta binne rabinta cikin tsakuwa, ta liƙa mata auduga. Kafin azahar Alhaji ya tara abokai uku a baranda.

Alhaji: Kun gani? Dare ɗaya ya ninka. Masu ce mini sai na ɗora shi a kan wata murtsunguwar kafin ya yi saurin girma, ina suke?

Buzu: Alhaji, gefen nan kamar ya fara ja.

Alhaji ya gyara tabarau, ya daɗe yana leƙe.

Alhaji: Sabon nau'i ne. Hajiya, kawo biro. Lophophora alhajii.