Jami'ar Afirka ta Mutare da asusun da ke Nashville

A 1992 aka buɗe Jami'ar Afirka a Tsohuwar Mutare, gabashin Zimbabwe, da ɗalibai 40, a wasu gine-ginen gona da aka yi wa kwaskwarima. Da tsangayoyi biyu ta fara: ilimin addini da aikin gona. Zaɓin ya burge ni, don wanda zai yi wa manomi wa'azi gara ya san me ke damun masararsa. Daga baya aka ƙara kiwon lafiya, harkar kasuwanci, koyarwa, da cibiyar nazarin zaman lafiya da shugabanci.

'Yan Afirka ne suka kawo shawarar. Bishop Emilio de Carvalho na Angola da Bishop Arthur Kulah na Laberiya suka matsa, har babban taron cocin United Methodist ya amince a 1988. Yau ɗalibi daga Mozambik yana kwana ɗaki ɗaya da na Kwango, wannan da Fotugisanci, wancan da Faransanci, su fara da ajin Turanci kafin su shiga karatu gadan-gadan. Fastoci da dama na cocin a Taraba can suka yi karatu.

Abin da ke damuna shi ne aljihun. Ofishin tara wa jami'ar kuɗi yana Nashville, a Amurka, kuma tun farko majami'un can ne ke ware mata kaso daga baikonsu. To, tsakanin 2019 da 2023 majami'u sama da 7,000 suka fice daga cocin a Amurka, saboda rikicin auren jinsi da naɗa masu yinsa limamai. Taron 2024 ya zaftare kasafin cocin. A Jalingo ma gidan ya rabu biyu. Ɗalibar da ke koyon jinya a Mutare ba ta da hannu a wannan rigima, amma tallafin karatunta a kanta ya rataya.

Ba na raina alherin Amurkawa. Ba don su ba da ginin bai tashi ba. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Jami'ar na da hukumar gudanarwarta, shugaban jami'ar Farfesa Peter Mageto ɗan Kenya ne, amma hukumar da ke jiran kuɗi daga ƙetaren teku dole ta riƙa waiwaye kafin ta yanke hukunci. Shekara fiye da 30 tana yaye ɗalibai, wasu na riƙe da manyan muƙamai a ƙasashensu. Su ya kamata ofishin tara kuɗin ya fara ƙwanƙwasa wa ƙofa, a Harare, Luwanda, Lubumbashi da Abuja.