Matuƙan jirgi ne suka yi ƙaranci, ko masu yarda da ƙaramin albashi?

Jama'a, akwai maganar da kamfanonin jiragen sama na Amurka suka daɗe suna nanatawa har ta zama waƙa a bakinsu: wai babu matuƙa. Duk lokacin da aka soke zirga-zirga zuwa wani ƙaramin gari, amsar ke nan. Ni dai maganar ba ta taɓa kwanta mini yadda suke faɗarta ba, kuma zan faɗi dalili.

Sai an fara sanin su wane ne ke kukan. Mutum zai sayi tikiti a wajen American ko Delta ko United, ya hau ƙaramin jirgi mai kujeru 50 ko 76, fentin jikinsa na babban kamfanin ne, an rubuta American Eagle ko Delta Connection ko United Express. Amma mutum biyun da ke zaune a gaba ba ma'aikatan babban kamfanin ba ne. Na SkyWest ne, ko Republic, ko Envoy, ko Endeavor. Waɗannan kamfanonin yankuna 'yan kwangila ne. Babban kamfani shi ke sayar da tikiti, shi ke tsara hanya da lokaci, su kuma a biya su ladan tashi da sauka. To wanda ke neman kwangila da me zai doke abokin takararsa? Kuɗin mai ɗaya ne, kuɗin jirgi kusan ɗaya ne. Abin da ya rage a matse shi ne albashin ma'aikata. Haka aka yi ta matsewa shekara da shekaru.

Har zuwa wajen 2014, sabon mataimakin matuƙi a irin waɗannan kamfanoni yana iya tashi da dala 20,000 da 'yan kai a shekara. Mutumin da ya ci bashin dala 80,000 ko fiye don ya koyi tuƙi ke nan. Kuma lissafin albashin da awa ake yi, awar ma ba ta fara ƙirguwa sai an rufe ƙofa jirgi ya motsa. Zaman jira a filin jirgi, duba lafiyar jirgi kafin tashi, jinkiri saboda hadari, galibinsu ba sa shiga lissafin. Da yawa ba sa iya kama haya a manyan biranen da aka ajiye su, sai su haɗa kuɗi su kama gida ɗaya a jera gadaje masu hawa biyu, wanda ya dawo aiki ya faɗa inda ya samu.

Ranar 12 ga Fabrairun 2009 ce ta tona asirin wannan tsari. Jirgin Colgan Air mai lamba 3407, da ke aiki da sunan Continental Connection, ya taso daga Newark ya faɗo kan wani gida kusa da Buffalo a jihar Niyok. Mutum 50 suka rasu, 49 a cikin jirgin, ɗaya a cikin gidan. Masu bincike sun gano cewa da na'ura ta yi gargaɗin gudun jirgin ya yi ƙasa sosai, kyaftin ɗin ya ja sitiyari baya ya ɗaga hancin jirgin, alhali tura shi gaba ya kamata ya yi. Amma abin da ya fi girgiza mutane shi ne rayuwar mataimakiyarsa. 'Yar shekara 24 ce, albashinta bai wuce dala 16,000 da ɗoriya a shekara ba, tana zaune kusa da Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma a jiragen dakon kaya ta kwana tana tafiya kafin ta iso bakin aiki.

Iyalan mamatan ba su zauna ba. Sun yi ta sintiri a majalisar dokoki har aka yi doka a 2010, wadda ta fara aiki a 2013: kafin mutum ya zauna a kujerar mataimaki a jirgin fasinja sai ya tara awa 1,500 a sama, maimakon 250 da ake karɓa a da. An yi rangwame ga tsofaffin matuƙan soja, awa 750, da masu digirin harkar jiragen sama, awa 1,000. A 2014 kuma aka kawo sabuwar ƙa'idar hutu, awa 10 kafin a koma aiki, da damar barcin awa 8 a ciki.

Daga nan ne kukan ƙarancin matuƙa ya yi ƙarfi. Republic ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2016, ya ɗora laifin a kan rashin matuƙa. Great Lakes ya rufe a 2018. Kowa ya nuna dokar awa 1,500 da yatsa. Bari in yi musu adalci a nan: matuƙan jirgin Colgan su biyun duk sun haura awa 1,500, don haka adadin awa kaɗai ba zai hana wancan hatsari ba. Kuma wanda ya tara awanninsa yana zagaye da ɗalibai a ƙaramin jirgi cikin rana tsaka ba lallai ya san yadda ƙanƙara ke kama fiffike da dare ba. Wannan gardama ce mai ma'ana. Sai dai dokar ta yi wani aiki da ba a cika faɗa ba: ta toshe rijiyar da ake ɗebo yara masu arha. A da, mai awa 250 zai karɓi ko nawa aka miƙa masa, don burinsa ya tara awanni ya tsallaka babban kamfani. Mai awa 1,500 kuwa yana da zaɓi.

Shekarar 2022 ta raba gardama. Lokacin korona manyan kamfanoni sun lallaɓa dubban tsofaffin matuƙa suka yi ritaya da wuri. Da fasinjoji suka dawo, sai suka juya suna kwasar matuƙan kamfanonin yankuna, gaba ɗaya sabbin matuƙa sama da 12,000 suka ɗauka a shekarar. SkyWest ya sanar da gwamnati yana son janyewa daga garuruwa 29. American ya daina zuwa Toledo da Ithaca da Islip da Dubuque. Sai ga abin mamaki: kamfanonin da ke rantsuwa ba su da halin ƙarin albashi, a watan Yunin shekarar Envoy da Piedmont suka ɗaga kuɗin sabon mataimaki daga dala 51 zuwa 90 a awa. Mesa ya kai nasa dala 100. Ashe kuɗin na nan! Republic ya roƙi FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta bar ɗaliban makarantarsa su fara aiki da awa 750, aka ce a'a. Makarantun koyon tuƙi kuwa suka cika maƙil, don yanzu bashin yana da ranar biya.

Ban ce babu matsala ko kaɗan ba. Akwai, amma ba a inda ake nunawa take ba. Abin da ya yi ƙaranci kyaftin ne. Doka ta ce sai mataimaki ya yi awa 1,000 a kamfanin jiragen fasinja kafin ya zama kyaftin, kuma da ya kai nan manyan kamfanoni ke yi masa ƙyaƙyawan tayi. Me zai tsaya yi? A wannan sana'a komai da lambar daɗewa ake raba shi, hutu, hanya, girman jirgi, albashi, kuma wanda ya sauya kamfani daga ƙasa zai sake farawa ko da shekara 20 ya yi yana tuƙi. Duk watan da ya ƙara a ƙaramin kamfani asara ce a lambarsa ta gaba. Shi ya sa aka ga jirage a ajiye, ga mataimaka jingim, babu mai zama a kujerar hagu ta kyaftin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rage awa 1,500 ɗin nan ba zai haifo kyaftin ko ɗaya ba, haka ma ɗaga shekarun ritaya daga 65 zuwa 67 da aka yi ta ja-in-ja a kai har majalisa ta ajiye shi a 2024, domin masu waɗannan shekaru galibi a manyan kamfanoni suke.

Inda nake jin zafi shi ne kuɗin koyon. Muddin sai mai iya cin bashin dala 100,000 ne zai shiga, ɗan talaka mai basira yana waje yana leƙe. In kamfanoni da gaske suke, nan ya kamata su zuba kuɗi, ba wajen masu kamun ƙafa a majalisa ba.

Ga kuma abin da ya biyo baya. A 2024 Boeing ya kasa miƙa jirage a kan lokaci, manyan kamfanoni suka rage ɗaukar ma'aikata, kyaftin suka daina gudu. Mesa, wanda shekara biyu kafin nan yake biyan dala 100 a awa don ya samu mutane, shi ne ya tura wasu matuƙansa gida hutun dole, wai sun yi masa yawa.