Ku Daina Binne Gombe Da Alƙalaminku

Ƙannena marubuta, yau da ku nake. Kwanan nan wasu matasa suka turo min gajerun labaransu in duba musu, wai yadda Gombe za ta kasance nan da shekara hamsin. Wallahi tun ban kai ƙarshe ba raina ya ɓaci. Wannan ya ce rairayi ya binne Tudun Wada, wancan ya ce madatsar Dadin Kowa ta ƙafe har ana kashe juna a kan jarkar ruwa, wani kuwa ko jariri bai bari da rai ba. Kamar kun haɗa baki. Haba!

Ban ce babu matsala ba. Kowa na ganin kwazazzabon da ke cin gidaje duk damina. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan, a 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle wa Maiduguri. To wanda ya kwana yana kwashe ruwa daga ɗakinsa da bokiti, sai ka ba shi labarin masifa? Ya fi ka sani. Mafita yake son gani, kai kuma ka zo kana yi masa mugun baki. Fata nagari lamiri ne, baki kuwa shi ke yanka wuya.

Kuma in faɗa muku gaskiya, lalaci ne. Rusa gari a takarda shafi ɗaya ya isa, gina shi ne sai ka tashi ka yi tambaya. Wa ya taɓa tambayar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi? Tun wajejen 1980 suka daina tumɓuke kututture a gona, suna rage tohon su bar masu ƙarfi su tashi, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200. Dubi gawo kaɗai: da damina yake zubar da ganye, bai tare wa gero rana, ga taki kyauta, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Hausawa ne 'yan uwanku suka yi wannan, amma ku sai gawarwaki.

Masu labarin Alhaji mai jirgi da yake kwashe jaruma zuwa Dubai, ban manta da ku ba. Guduwa ce ku ma kuke koyarwa, an dai fesa mata turare.

Afirka gaba ɗayanta ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba ta fitarwa, ga rikici nan na a-zo-a-gani da za ku gina labari a kai. Wa zai biya? Wa zai samu ruwan noman rani, mai kadada ɗari ko gwauruwa mai 'yar fadama? Ku mayar wa makiyayi burtalinsa a labarin, ku ba mu yarinyar da ta raini bishiyar 3G, wato shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green, da aka dasa a ƙofar gidansu a 2019 har ta tsufa a inuwarta. Ku sa kishi da soyayya in kuna so, ban hana ba. Amma kullum mutuwa, kullum ƙishirwa?

Da can ko tatsuniya kaka ba ta cewa ƙurunƙus sai marainiya ta ga haske. A lokacin kuwa ba ka isa ka ɗora gatari a kan tsamiya ko kuka ba tare da mai unguwa ya ji ba. Yanzu motocin gawayi ke wucewa da rana tsaka, yara kuma kowa da wayarsa, ba mai zama gaban tsohuwa.