Yawan fanka ba shi ne sanyi ba

Na gaji da jin shawarar nan da ake ba duk wanda ya sa wa kwamfutarsa ta tebur sabon katin hoto (graphics card, abin da ke sarrafa hotunan da ake gani a allo): wai ya cika akwatin da fanka, zafi zai gudu. Masu faɗar haka suna da hujjarsu, domin sabon katin ya fi cin wuta, kuma wutar da ya ci zafi take komawa.

Sai dai fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iska kawai take turawa. Abin da ke sanyaya kayan ciki shi ne iska ta shigo ta gaba, ta bi ta kansu, ta fice ta baya ko ta sama ɗauke da zafin. In mutum ya ƙara fanka uku, duk suna hurawa ciki, ga mafita 'yar ƙarama, iskar mai zafi za ta yi ta kewayawa a wuri ɗaya. Ƙara ce kawai ta ƙaru. Ita kuwa ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato processor, irin su Ryzen 7000 na kamfanin AMD, da ta kai maki 95 a ma'aunin Salshiyas sai ta rage gudu don kare kanta, mai ita ya ɗauka sabon kayan ne ba shi da kyau.

Kafin a sayi ƙari, a duba 'yar kibiyar da ke gefen yawancin fankoki, ita ke nuna inda iska ta dosa. A bar iska mai shiga ta ɗan fi mai fita yawa, ta bi ta raga mai tace ƙura. Lokacin hunturu kuwa ragar nan ba ta jimawa take toshewa, sai an riƙa kakkaɓe ta.